Henry Wellcome: Attajirin Magunguna Da Yadda Ya Riƙe Ma'aikatansa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa saye ko sayar da ƙwayar Septrin ko Daraprim a kasuwanninmu na kan iyaka, to ya taɓa hajar kamfanin mutumin da muka kawo tarihinsa a yau, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba. Haka ma mutanen Hawata da ƙauyukan bakin kogin Rahad a jihar Gadarif ta ƙasar Sudan, inda cutar kala-azar mai kumbura saifa ta daɗe tana addabar jama'a, domin allurar Pentostam da aka yi shekaru ana yi wa masu wannan cuta daga ɗakunan binciken kamfaninsa ta fito. Sunansa Henry Solomon Wellcome. Mun ɗauko shi ne saboda irin riƙon da ya yi wa ma'aikatansa, tun daga masana'antarsa ta Ingila har zuwa dutsen Jabal Moya kusa da Sinnar, wanda magana ce da ta shafi duk mai yara a shago ko a rumfa.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haife shi ne ranar 21 ga Agusta, 1853, a wani ƙauye mai suna Almond a jihar Wisconsin ta Amurka, a gidan talakawa manoma. Tun yana yaro ya fara aiki a kantin magani na baffansa, wanda likita ne, saboda haka shi ma ya ɗanɗani zama yaron shago kafin ya zama maigida. Ya kammala karatun haɗa magunguna a birnin Philadelphia a shekarar 1874, daga nan ya shiga yawon tallar magani gari-gari, har ya kai ƙasashen Peru da Ekwado yana binciken itacen da ake samun kwinin daga ɓawonsa.

A shekarar 1880 abokinsa Silas Burroughs, wanda ya fi shi jari, ya gayyace shi Landan suka kafa kamfanin Burroughs Wellcome. A wancan lokaci yawancin magunguna gari ne ko na ruwa, ana aunawa a kanti. Su kuwa sai suka mayar da hankali kan ƙwaya mai tsayayyen awo, wadda ba ta wuyar ɗauka a tafiya, suka yi mata rajista da sunan Tabloid a shekarar 1884. Kasuwa ta buɗe musu, har suka kafa babbar masana'anta a garin Dartford a shekarar 1889.

Zaman ma'aikata a masana'anta

A zamanin da leburori a Ingila suke yin awa goma ko fiye a rana, wannan kamfani ya mayar da aikin yini awa takwas, ya kuma riƙa ba ma'aikata wani kaso daga cikin riba. Gaskiyar magana ita ce Burroughs ne ya fi tsayawa kan waɗannan abubuwa biyu. Su biyun kuwa ba su cika jituwa ba, har sai da rigimarsu ta kai gaban kotu a shekarar 1889. Da Burroughs ya mutu a shekarar 1895, kamfani ya koma hannun Wellcome shi kaɗai, kuma bai rushe tsarin kyautata wa ma'aikata ba. A shekarar 1899 ma ya buɗe musu kulob a Dartford, mai ɗakin karatu da filayen wasanni da lambun shan iska.

Sai dai mutum ne mai son komai ya bi ta hannunsa, ƙanana da manya. Wannan hali ya fito fili a shekarar 1906 tsakaninsa da wani matashin masani mai suna Henry Dale, wanda ya ɗauka aiki a ɗakin bincikensa a shekarar 1904. Dale ya rubuta sakamakon bincikensa, ya yi amfani da kalmar adrenaline kamar yadda sauran masana na Ingila suke yi. Wellcome ya hana, saboda wani kamfanin Amurka, Parke-Davis, yana sayar da magani da kusan wannan suna. Dale ya tsaya kai da fata, ya nuna gara ya bar aikin da a sa masa baki a abin da ya fi maigida sani. Daga bisani Wellcome ya sauko, aka buga rubutun yadda mai shi ya so. Dale ya ci gaba da aiki a wurin har shekarar 1914, kuma binciken da ya faro a can yana cikin abin da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a shekarar 1936.

Zuwansa Sudan

Wellcome ya fara zuwa Sudan ne a ƙarshen shekarar 1900, shekara biyu bayan yaƙin Karari, ya tarar da ƙasa cikin yunwa da cututtuka. Sai ya ɗauki nauyin kafa ɗakunan binciken cututtukan ƙasashe masu zafi a Kwalejin Gordon da ke Kartum, aka naɗa Dokta Andrew Balfour ya shugabance su a shekarar 1902. Ma'aikatan wannan wuri ne suka bi rijiyoyi da kududdufai suna kashe ƙwan sauro, har zazzaɓin cizon sauro ya ragu ƙwarai a birnin. A shekarar 1907 kuma ya ƙara musu da ɗakin bincike a cikin jirgin ruwa mai bin kogin Nilu.

Daga shekarar 1910 zuwa 1914 ya koma Jabal Moya, yamma da Sinnar, ba nisa sosai da garin Mai Wurno, ya sa ana haƙa ƙasa don neman kayan mutanen da. An tone kaburbura kusan 3,000, kuma a ƙarshen aikin leburorinsa sun kai kimanin 4,000. Mutanen wurin Basha suke ce masa. Ya buɗe musu asusun ajiya domin kada lada ta ƙare a ranar biya, ya koya wa wasu sana'ar hannu, ya sa an gina wani katafaren gida da manyan duwatsu wanda ya haura shekara ɗari a tsaye. Ya kuma yi yaƙi da shan marisa, inda wanda ya daina sha ake ba shi gashin ɗawisu a matsayin lambar girma.

Amma a nan ma halin nan nasa bai bar shi ba. Dokoki sun yi yawa a sansanin, kuma masanan da ya ɗauko daga Turai ba su da ta cewa sai abin da Basha ya ce. Ya hana a zubar da komai, ko da tsingaro ne, aka yi ta loda akwatuna zuwa Ingila. Yaƙin Duniya na Farko ya tsayar da aikin a shekarar 1914, shi kuma bai sake komawa ba. Rahoton abin da aka tono bai fito ba sai a shekarar 1949, shekara 13 bayan mutuwarsa.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya zama ɗan ƙasar Ingila a shekarar 1910, aka ba shi sarautar Sir a shekarar 1932. Ya mutu a Landan ranar 25 ga Yuli, 1936, yana da shekara 82. A wasiyyarsa ya bar kamfanin gaba ɗaya a hannun amintattu, ya ce a riƙa zuba ribar a binciken lafiya. Wannan ne asalin gidauniyar Wellcome Trust. Masu binciken kamfanin sun ci gaba da samun sararin yin aikinsu, kuma biyu daga cikinsu, George Hitchings da Gertrude Elion, waɗanda aikinsu ya haifar da Daraprim da ɗaya daga cikin sinadaran Septrin, sun sami kyautar Nobel a shekarar 1988. A shekarar 1995 kamfanin Glaxo ya saye shi, a shekarar 2000 kuma aka sake haɗaka ya zama GlaxoSmithKline.

Idan muka auna, za mu ga Wellcome bai yi wa ma'aikatansa rowa ba a Dartford, bai yi musu ba a Jabal Moya. Bambancin shi ne a wuri ɗaya ya yarda ya saurari wanda ya fi shi sanin aiki, aka sami magungunan da suka iso har Hawata, a ɗayan kuwa ya riƙe komai a hannunsa, aikin ya tsaya ranar da ya tafi. Mu ma a kasuwa mun san maigidan da yake ciyar da yaransa, ya yi musu ɗinkin salla, amma ba ya barin ko ɗaya ya yanke ciniki, ballantana ya san inda ake saro kaya. Irin wannan shago, ranar da maigida ya kwanta ciwo ko hanya ta rufe masa a wancan gefen iyaka, sai ka tarar da shi a kulle.