Sofokilis, marubucin da ya sa sarki farautar kansa

An haifi Sofokilis a Kolonos, kusa da birnin Atan na ƙasar Girka, wajen shekarar 496 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya rubuta wasannin kwaikwayo sama da 120, amma bakwai kacal suka iso gare mu cikakku.

Wanda ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne na Sarki Odifus. Annoba ta auka wa birnin Tebes, aka ce ba za ta kau ba sai an gano wanda ya kashe tsohon sarki Layos. Odifus ya sha alwashin zaƙulo shi. Masu kallo kuwa sun san labarin tun tuni: shi ne ya yi kisan, bai san mamacin ubansa ba ne, sarauniyar da ya aura kuma mahaifiyarsa ce. To, mi ke riƙe mu a zaune? Duk shaidar da ya kira, ƙara matse shi take. Manzon da ya zo daga Korinti don kwantar mishi da hankali ma, shi ya ɓallo ruwa. Sarauniya ta rataye kanta, Odifus ya tsone idanunsa.

Abin mamaki, a gasar Atan wasan na biyu ya zo. Sofokilis ya rasu a 406, yana da kusan shekara 90.