Nell Gwyn, Mai Tallan Lemo

An haifi Nell Gwyn wajen shekarar 1650. 'Yar talakawa ce tilis, a lungunan London ta tashi. Ba ta yi makaranta ba, har ta mutu in za ta sa hannu a takarda sai dai ta zana haruffa biyu, E.G., domin sunanta na yanka Eleanor.

Sa'ad da Sarki Charles na Biyu ya komo gadon ubansa a 1660, aka buɗe gidajen wasan kwaikwayo waɗanda ke rufe tun zamanin yaƙin basasa, aka kuma yarje wa mata su shiga wasa. Nell ta soma da tallan lemo a gidan wasa na Drury Lane. Yarinya ce mai baki, ga ban dariya, ba a daɗe ba aka sa ta cikin 'yan wasa. Can Sarki ya gan ta, wajen 1668 ta zama farkarsa.

A nan sai mai karatu ya lura. Kada a ɗauka ƙwarƙwara ce irin ta fadar sarakunanmu, wadda ɗanta ke iya gadon sarauta daidai da ɗan matar aure. A Ingila mace ɗaya Sarki ke aure, ɗan da aka haifa waje kuwa ba shi da gadon sarauta ko kaɗan. Sarauniya Catherine ba ta sami haihuwa ba, Charles kuwa yana da 'ya'ya fiye da goma a waje, amma ba ko ɗaya da zai gaje shi. Abincin irin waɗannan yara ya rataya ga alherin ubansu, ran da ya faɗi kuwa sai yadda Allah ya yi.

Nell ta gane haka sarai. Ta haifa wa Sarki 'ya'ya maza biyu, Charles a 1670, da James wanda ya rasu yana yaro a Faris. Kishiyarta Louise, Bafaranshiya, ta sami sarauta ta kanta, Nell ba a ba ta ba. Sai ta dage kan ɗanta. A 1676 aka naɗa shi Earl na Burford, a 1684 kuma Duke na St Albans, watau matsayi mafi girma cikin hakiman Ingila. A ganina ta fi sauran wayo, don ba ta sa wa yaron kwaɗayin gadon mulki ba. Dubi Monmouth, babban ɗan Sarki ta wajen Lucy Walter. Shi ya tā da yaƙi yana neman sarauta a 1685, aka kama shi aka fille masa kai.

Charles ya rasu cikin Fabrairu 1685. Kafin ya cika ya roƙi ƙanensa James kada a bar Nell da yunwa. James ya riƙe amana, ya biya mata bashi, ya yanka mata fam 1,500 a shekara.

Ita ma ba ta jima ba, ciwon shanyewar jiki ya kama ta, ta rasu ran 14 ga Nuwamba 1687. Cikin wasiyyarta ta bar kuɗi don matalauta, da na fansar waɗanda aka ɗaure saboda bashi kowace Kirsimeti. Aka binne ta a majami'ar St Martin-in-the-Fields. Sarautar St Albans kuwa har yau tana hannun zuriyarta.