Jorj Washinton

An haifi Jorj Washinton a shekara ta 1732, a yankin Birjiniya. A lokacin nan Amurka tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Da yaƙin neman ƴanci ya tashi a 1775, sai aka naɗa shi babban janar.

Sarkin Ingila ya ɗauko sojojin haya daga ƙasar Jamus. A shekara ta 1776 aka kori Washinton daga birnin Niyok. Sojojinsa sun gaji, wasu ko takalma ba su da, da yawa suna shirin komawa gida.

Ran 25 ga Disamba da dare, ana tsananin sanyi, ya ƙetare kogin Delawar cikin jirage da mutum wajen 2400. Ƙanƙara tana yawo bisa ruwa. Da safe suka auka wa sojojin hayar a garin Tiranton, ba zato ba tsammani. Suka kama wajen 900. Wannan nasara ta ƙarfafa zukatan Amurkawa, suka ci gaba da yaƙi.

Da taimakon Faransa, Amurka ta yi nasara. Ingila ta yarda da ƴancinta a 1783. Washinton ya zama shugaban ƙasa na farko a 1789. Ya rasu a 1799.