Fasto André Trocmé, Mutumin da Ya Ƙi Rufe Ƙofarsa

Ga labarin wani bawan Allah na ƙasar Faransa, sunansa André Trocmé. An haife shi a shekara ta 1901 a garin Saint-Quentin, can arewacin ƙasar. Ubansa Bafaranshe ne mai dukiya, uwarsa kuwa Bajamushiya. Yana da shekara 10 uwar ta rasu. Suna tafiya cikin mota, uban ke tuƙi, sai wata mota ta wuce su. Ya ji haushi, ya ƙara wuta don ya cim mata, suka yi haɗari. Tun daga ran nan yaron ya san abin da fushin ɗan lokaci yake iya yi wa gida.

Da yaƙin 1914 ya ɓarke, Jamusawa suka ci garinsu, har aka sauke sojoji a gidansu. Cikinsu akwai wani Kirista da ba ya ɗaukar makami, don ya ce Ubangijinsa ya hana shi kisa. Wannan soja, wanda ake kira abokin gaba, ya miƙa wa André burodi. Abin ya shiga zuciyar yaron, bai kuwa fita ba har mutuwarsa.

Ya yi karatun fasto, ya tafi Amurka ƙaro ilimi, a can ya sadu da Magda, 'yar ƙasar Italiya. Suka yi aure a 1926, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu, mace ɗaya da maza uku. Kada ku zaci shi mai sanyin hali ne. Yana da zafin rai, yana da babbar murya, matarsa ma ba ta ɓoye abin da ke cikinta. Salamar da yake wa'azinta, sai da ya fara kokawa da kansa a kanta.

Manyan ikkilisiya ba su so wa'azinsa na ƙin yaƙi ba, saboda haka manyan birane suka gagare shi. A 1934 ya zama faston Le Chambon, wani ƙaramin gari a kan duwatsu, inda sanyi yake da tsanani. Mutanen wurin manoma ne talakawa, jikokin Kiristan da sarakunan Faransa suka tsananta wa a dā saboda bangaskiyarsu. Sun san yadda ake ɓoye mutum. A 1938 shi da abokin aikinsa Édouard Theis suka buɗe makaranta a garin.

A watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi a hannun Hitila. Ran Lahadin da ta biyo baya, fastocin nan biyu suka gaya wa jama'a cewa duk umarnin da ya saɓa wa bishara za su ƙi shi, amma da makaman Ruhu, ba tsoro, ba girman kai, ba ƙiyayya. Sabuwar gwamnati ta fara farautar Yahudawa. Wani dare cikin sanyi, wata Bayahudiya da ta gudo daga Jamus ta buga ƙofar gidan fasto. Magda ce ta buɗe, ta shigo da ita, ta ba ta abinci.

Daga nan baƙi suka yi ta zuwa, da yawansu yara ne da aka raba da iyayensu. Fasto yakan tuna wa mutanensa biranen mafaka da Allah ya umarta a Littafin Ƙidaya sura 35. Manoma suka karɓi baƙi a gidajensu da gonakinsu, a Le Chambon da ƙauyukan kewaye, aka raba ɗan abincin da ake da shi. Wasu aka rako su a ɓoye har iyakar Suwis. Dubban mutane ne suka ratsa ta wannan yanki suka tsira. A gidan fasto kansa, 'ya'yansa sun saba da cin abinci da mutanen da ba a tambayar sunansu. Abu ɗaya ya dame shi ƙwarai: sai da takardun ƙarya ake iya tsirar da mutane, shi kuwa yana ƙin ƙarya. Bai taɓa cewa abin daidai ne ba, amma bai hana ba. Da hukuma ta nemi ya ba da sunayen Yahudawa a 1942, bai yi musun suna nan ba. Ya dai ƙi ba da sunan ko ɗaya.

Ran 13 ga Fabrairu 1943 jandarmomi suka zo kama shi da maraice. Lokacin cin abinci ne, sai Magda ta ce su zauna su ci. Ku duba fa, mutanen da suka zo ɗauke mata miji! Da za a fita da shi, jama'a suka jeru a bakin hanya suna rera waƙar Luther. Aka kai shi sansanin tsaro kusa da Limoges tare da Theis da shugaban makarantar garin. Bayan wajen wata ɗaya aka ce fastocin su sa hannu a takardar biyayya ga gwamnati a sake su. Suka ƙi, duk da haka aka sake su.

Gidan ya biya tsada. Wani ɗan'uwansa, Daniel Trocmé, mai kula da gidan ɗalibai, Jamusawa suka kama shi a Yuni 1943, ya mutu a sansanin Majdanek a 1944. André kansa ya yi watanni a ɓoye, Magda ta riƙe yara da baƙi. A Agusta 1944, ana gab da samun 'yanci, ɗansu Jean-Pierre mai shekara 14 ya mutu ta haɗari a cikin gida. Uban da ya tsirar da 'ya'yan wasu bai iya tsirar da nasa ba. Wannan rauni bai warke ba, ya kuwa girgiza shi har cikin addu'arsa.

Duk da haka, da aka tsare sojojin Jamus kusa da garin, ya riƙa zuwa yana yi musu wa'azi da harshen uwarsa, ko da yake wasu a gari sun yi gunaguni. Bayan yaƙi shi da Magda suka yi ta yawo ƙasashe don aikin sulhu, ya kuma yi magana a fili gāba da yaƙin Aljeriya. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Eirene a 1957, wadda daga baya ta zo aiki nan Nijar a zamanin babban farin shekarun 1970.

Ya rasu a Janeba ran 5 ga Yuni 1971, yana da shekara 70. Aka kai gawarsa Le Chambon aka binne shi kusa da ɗansa. Magda ta rayu har 1996.