Luka Paciyoli, Malamin Masu Lissafin Kuɗi

Ran nan na tarar da wani abokina mai karatun akanta a jami'a yana aikin gida da kwamfuta. Nan da nan ta daidaita masa lissafi, har ta nuna masa inda ya yi kure. Amma da na tambaye shi dalilin da ya sa a kan rubuta kowane ciniki sau biyu, sai ya yi ta sosa ƙeya. Shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labarin malamin da ya fara buga wannan ilmi cikin littafi.

Sunansa Luka Paciyoli. An haife shi wajen 1447 a wani ƙaramin gari na ƙasar Italiya. Yana saurayi ya tafi birnin Benis, ya zama malamin 'ya'yan wani attajiri su uku. A nan ya ga yadda fatake ke rubuta lissafin dukiyarsu. Daga baya ya shiga ɗariƙar Faransis Mai Tsarki, sa'an nan a 1477 ya soma koyar da lissafi a Jami'ar Ferujiya.

A 1494 aka buga babban littafinsa mai suna Summa. Babi 36 a ciki duk a kan lissafin ciniki suke. Ba shi ya ƙago dabarar ba, tsara ta ya yi don masu koyo. Kowane ciniki a kan shigar da shi gefe biyu, watau na mai karɓa da na mai bayarwa. In jimlar gefen nan ba ta zo daidai da ta wancan ba, akwai kure ke nan.

Da harshen mutanen ƙasar ya rubuta, ba da Latin na manyan malamai ba, don ɗan kasuwa ya gane. Injin buga littattafai kuwa, wanda sabon abu ne a zamanin, shi ya kai darasin nan ƙasashen da Luka bai taɓa zuwa ba. Bai daina koyarwa ba har tsufansa. Ya rasu a 1517.

To, 'yan'uwa, Luka bai ƙi inji ba, amma sai da ya fayyace dalilin kowane abu tukuna ya miƙa wa inji. Mu ma da za mu shiga aji gobe, kada mu bar yaro ya kawo amsa daga kwamfuta ba tare da ya faɗi yadda aka same ta ba.