Sepp Herberger (1897–1977)

An haifi Josef Herberger, wanda aka fi sani da Sepp, a ranar 28 ga Maris, 1897, a unguwar Waldhof ta birnin Mannheim a ƙasar Jamus. Ɗan talakawa ne, kuma mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, saboda haka da wuri ya shiga aikin ƙarfi don taimakon gida.

Ya fara ƙwallon ƙafa a kulob ɗin Waldhof a matsayin ɗan gaba, daga nan ya koma VfR Mannheim, sannan Tennis Borussia ta Berlin a 1926. Sau uku kacal ya buga wa ƙasarsa wasa. Da a nan ya tsaya, da tuni an manta da shi. Amma a Berlin ya yi karatun horar da 'yan wasa, ya kammala a 1930. Bayan Nowe ta fitar da Jamus daga gasar Olamfik ta 1936, sai aka damƙa masa ƙungiyar ƙasa. Akwai tabo a tarihinsa, domin ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933, kuma a ƙarƙashin mulkinta ya samu wannan muƙami.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya koyar da masu horarwa a Kolon, sannan ya koma kan aikinsa a 1950. A gasar Kofin Duniya ta 1954 a Suwizalan, Hangari ce dodon kowa, don ta shekara huɗu ba a doke ta ba. Da suka haɗu a zagayen farko, Herberger ya ajiye da yawa daga cikin gwanayensa, aka lallasa Jamus ta Yamma da ci 8 da 3. Jaridun gida suka yi masa ca, shi kuwa ya san abin da ya taka. Ranar 4 ga Yuli aka sake karawa a wasan ƙarshe a birnin Bern, ana ruwan sama. Cikin minti takwas Hangari ta zura biyu, amma yaransa, ƙarƙashin kyaftin Fritz Walter, suka farke, Helmut Rahn ya ci ta uku saura minti shida a tashi. Shekara tara ke nan da faɗuwar ƙasar a yaƙi.

Ya ajiye aiki a 1964, mataimakinsa Helmut Schön ya gaje shi. Ya rasu a Mannheim ranar 28 ga Afrilu, 1977, yana da shekara 80.