Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa da ya sa rana aikin ruwa

Masu sauraronmu na Sabon Maci da kewaye, da ƴan uwa da ke ci-rani, kun sha jin wannan suna, tunda shi ne sunan jami'ar Yamai. Amma da yawa ba su san a nan jihar Maraɗi aka haife shi ba, a Tasawa, ranar 26 ga Yuni 1929.

Ya yi karatu a Damagaram da Yamai, ya wuce Senegal, daga nan sai Faransa, inda a 1956 ya ci babbar jarrabawar malaman kimiyyar fizik. Da Gine ta ce a'a ga Faransa a 1958, yana cikin waɗanda suka tafi koyarwa a Konakiri. A 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka, inda ya kare karantar da yara cikin harsunansu.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne zaɓin da ya yi. A 1969 ya karɓi ragamar ONERSOL, ofishin makamashin rana, daidai lokacin da ido ya koma Arlit, inda aka fara fitar da uraniyom a 1971. Rana da uraniyom duka suna fitar da ƙarfi, amma ba abu ɗaya suke yi wa ruwa ba. Ƙwayoyin ruwa riƙe suke da juna, kamar ƴan gaɗa sun kama hannu. Zafin rana sassauta wannan riƙo kawai yake yi: ruwa ya yi ɗumi, ya tashi tururi, ya bar gishiri da kanwa a ƙasa. Shi kuwa ƙarfin da ke fita daga uraniyom da radiyom, ƙwayar ruwan kanta yake fasawa, ta saki iskar haidurojin da wasu gutsattsari masu ɓarna. Tun farkon ƙarni na 20 masana suka ga ruwan da aka narkar da radiyom ciki yana fitar da iska. Jikin ɗan Adam kuwa fiye da rabinsa ruwa ne; a nan haɗarin yake ga ma'aikacin ma'adini.

Abdou Moumouni ya tsaya kan wadda ke faɗowa bisa kowane ƙauye kyauta. A ONERSOL an ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da na tace shi ta tururi, da murhun rana, aka kuma yi aiki kan injin jawo ruwa da zafin rana. Gaskiya, ba su bazu cikin karkara yadda ya so ba. Mu da muka san zurfin rijiyoyin Dakoro da wahalar guga, sai yanzu muke ganin famfon rana yana yawaita.

Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979. Ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Allah ya jiƙansa.